Gaisuwar Nu'uman a Ƙofar Surukarsa

Duk wanda ya san Nu'uman na bakin kogi a Hadejia ya san arzikinsa a ƙafa Allah ya ajiye masa. Daga ƙugu zuwa sama ba wani abin a zo a gani: ɗan kai madaidaici, gemun da za ka iya ƙirga gashinsa, da murya kamar kullum haƙuri yake bayarwa. Amma ƙafafu, tabarkalla! Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake cikin taɓo. Ya yi dashen shinkafa a fadamar Auyo har ya zama in ana neman masu dashe shi ake fara aika wa. Ya tura kwale-kwale, ya yi dakon buhunan tattasai, kuma shekarun da ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, yana cikin masu shiga iya ƙirji da lauje suna saran ta tun safe har la'asar.

Sai tsuguno. A nan kam ba shi da na biyu. A tsugune yake cin tuwo, a tsugune yake cinikin taki, a tsugune yake sauraron rediyo. In aka miƙo masa kujera a gidan biki sai ya yi godiya ya tsuguna a gefenta. Mutum ne mai ladabi har ya so ya yi yawa, irin wanda in ya hango babba tun daga nesa zai tuɓe takalmi ya zube ƙasa, ko da a tsakiyar kwalta ne, masu babur su yi ta zaginsa.

Yana haura hamsin da biyar gwiwoyin suka fara magana. Da fari da asuba ne kawai, su ƙage sai ya ɗan taka sun sake. Daga baya suka koma ƙara, in zai zauna ka ji ƙurus-ƙurus kamar ana taka busasshen kara. Ta dama ta kumbura, ta hagu ta bi sahu. Aka ce sanyi ne. Ya sha jiƙo, wanzami ya yi masa ƙaho har sau uku, ya shafa man da aka rantse masa na jimina ne, mai kemis na unguwa ya yi ta yi masa allura a ɗuwawu har ya rasa ɓangaren zama. Gwiwa dai tana nan yadda take. Ya bar dashe ya koma tsaron injin ban-ruwa. A masallaci ya shiga sahun masu kujerar roba. Duk wannan ya haɗiye, ya ce jarrabawa ce.

Abu ɗaya ne ya kasa haɗiyewa, shi ne gaishe da surukarsa.

Inna 'Yar'azumi, uwar matarsa Barira, tana zaune a wani ƙauye can bayan Guri, inda da damina sai da kwale-kwale ake shiga. Shekara talatin Nu'uman yana zuwa gaishe ta, kowace sallah da kowace kaka. Zai tuɓe takalmi tun daga zaure, ya zo ƙofar ɗakinta ya tsuguna har ƙasa, ido a ƙasa, ya gaishe ta, ita kuma ta kau da fuska gefe ta amsa. Bai taɓa kama sunanta ba, bai taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. To yanzu ga shi tsuguno ya gagara. Ya je ya tsaya mata ƙiƙam a kai kamar jami'in rigakafi? Wallahi gara ya mutu. Ya zauna ya miƙe ƙafafu yana nuna mata tafin sawu? Wannan ya ma fi muni. Ya aika a gaya mata gwiwarsa ce ke ciwo? Haba! Suruki ya sa a ambaci gaɓar jikinsa a gaban uwar matarsa, gwiwa guda, abin da ke cikin wando?

Sai ya yi abin da shi a ganinsa ya fi ladabi: ya daina zuwa. Ya kuma sa Barira ta rantse ba za ta faɗi dalili ba.

"Malam, wannan fa wauta ce," in ji Barira. "Ita ma Innar gwiwa gare ta."

"Subhanallahi! Barira, ki daina kawo min maganar jikin Inna."

Haka Barira ta riƙa zuwa ita kaɗai da buhun shinkafa da turmin zane, tana ƙirƙiro uzuri. Bara aiki ya yi masa yawa, bana injin ne ya lalace, wata shekarar tsuntsaye sun sauka a gona. Har shekara shida. Tsohuwa ta karɓi shinkafa ta sa albarka. A ƙauyen kuwa magana ta gama gari cewa tunda mijin Barira ya sayi injin ban-ruwa ya fi ƙarfin tsugunawa talaka.

Ranar wata Talata cikin watan Agusta, ruwa ya cika kogi har yana lasar gada, sai ga Ari, ƙanen Barira, ya zo Hadejia sayen raga. Shi Ari abokin wasan Nu'uman ne, ba ya shigowa gidan sai da tsiya, amma ran nan ya zauna yana juya hula a hannu.

"Yaya Nu'uman, Inna ce ta ba ni saƙo. Ta ce in gaya maka, in akwai laifin da ta taɓa yi maka, ko a magana ko a fuska, ka yafe mata. Ta ce ba ta jin za ta ga shinkafar bana, ba ta so ta tafi da haƙƙin mijin 'yarta."

Nu'uman ya ji kamar an kwaɗa masa taɓarya a ƙirji. Tsohuwar da ta ba shi 'ya, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ita ce ke neman gafararsa! Ari na fita ya shige ɗaki ya yi kuka, kuka na gaske har da majina, yana dukan gwiwoyin da tafin hannu yana ce musu munafukai.

Barira ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta ce, "In ka gama dukansu, Zinariya mai ƙosai an yi mata wata allura a asibiti, a cikin gwiwar kanta. Yanzu da ƙafarta take zuwa kasuwa. Gobe za mu je."

Likitar da suka samu yarinya ce, Dakta Shamsiyya, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba. Ta sa aka ɗauki hoton ƙashi, ta ɗaga shi sama ta nuna masa. Ta ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya cinye, yanzu ƙashi ke gugar ƙashi. Ta tambaye shi ko yana da ciwon suga, ya ce a'a. Ta ce akwai allura, amma ya saurara da kyau: ba ta mayar da abin da ya cinye, kumburi da zafi take kwantarwa, wani ta yi masa wata uku, wani ko wata guda ba ta kaiwa, kuma ba a yawaita ta.

"Baba, me ka fi so ka iya yi in ka samu sauƙi? Noma?"

"Gaisuwa," in ji Nu'uman.

Ta ɗago ta dube shi. Barira ta yi mata bayani a taƙaice. Likita ta ciji leɓe, ta juya tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara, kafaɗunta na rawa.

Da aka kawo allura, Nu'uman, da yake shi a saninsa allura wuri ɗaya gare ta, ya juya ya fuskanci bango ya fara kwance mazagi.

"Baba! Baba, ɗaure! A gwiwa ne. Naɗe ƙafar wandon kawai."

Ya ɗaure, ya hau gado yana salati. Ta goge gwiwar dama da magani mai sanyi, ta soka allura ta gefe, ta fara zuƙo wani ruwa rawaya kamar man gyaɗa har ya kusa cika sirinji. Nu'uman ya leƙa ya ce, "Ikon Allah. Wannan tun na fadamar Auyo ne." Sannan ta tura maganin ta liƙe wurin. Ta ce ya huta kwana biyu, kada ya shiga ruwa, in ya ga wurin ya yi ja ko zazzaɓi ya zo, ya dawo da gudu. Ta hagu kuma sai bayan sati biyu, in an ga yadda ta dama ta karɓa.

"Kuma Baba, don Allah, tsugunon nan a yi shi da lissafi."

Kwana huɗu, gwiwar dama ta saɓe. Rana ta biyar Nu'uman ya tashi da asuba ya taka ta ya ji shiru, ba ƙara ba zafi, har ya tsaya yana dubanta kamar baƙuwa. Nan take ya fara atisaye. Ya sa Barira ta kifa ƙwarya a kan turmi a tsakar gida, ta yafa mata tsohon mayafi, wai ita ce Inna. Zai taho daga zaure, ya tuɓe takalmi, ya jingina nauyinsa kan ta dama, ya sauka a hankali, ya ce wa turmi ina kwana. In ya gama sai ya miƙa hannu Barira ta ja shi ya miƙe. Sau goma a rana. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ga dattijo tsugune gaban turmi yana tambayarsa ya jiki, ta koma ta gaya wa mijinta cewa abin na Nu'uman ya hau kai.

Barira ta ce a jira a yi ta hagu. Ya ce ina! In tsohuwa ta cika cikin sati biyun nan fa, turmi zai je ya ba haƙuri? Ranar kwana takwas suka hau mota zuwa Guri, daga nan Ari ya ɗauke su a kwale-kwale. Tafiyar fiye da awa guda cikin kacalla da bado, Nu'uman a takure tsakanin buhun shinkafa da jarkar manja, ta hagu tana ta gunaguni, shi kuma yana ce mata ta yi haƙuri, aikin minti biyar ne.

Da hantsi suka isa. Ari ya sauke su ya juya duba ragarsa. Barira ta shige gaba ta gaishe da uwarta, ta wuce madafa wajen Ummi matar Ari, don ba a zama kusa da miji a gaban uwa. Inna 'Yar'azumi na zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta rame ta zama 'yar mitsitsiya, sandarta a gefe, idanun sun yi fari-fari. Ido ya tafi, amma kunne, ko kaza ta taka tabarma sai ta ji.

Nu'uman ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya taho, ya yi bismilla a zuci, ya sauka. Sumul! Ta hagu ta yi ƙas sau ɗaya, shi ke nan. Ga shi tsugune a ƙofar Inna bayan shekara shida. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa.

"Ina kwana, Inna."

Ta kau da fuska. "Lafiya."

"An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

"Ya damina?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ya haƙuri da mu?"

"Haƙuri ya zama dole."

Wannan ta shige shi. Ya ƙara sunkuyar da kai ya ce shi ne mai laifi, Inna ba ta taɓa yi masa komai ba sai alheri, a yafe masa. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma a bushe ta faɗa, irin amsar da ake ba mai tallan da ba a son kayansa. Ya ce madalla, ya ce bari ya koma zaure. Ya miƙa hannu gefe yadda ya saba.

Ba kowa. Hannun ya kama iska.

A nan ne Nu'uman ya gane kuskurensa. Sau talatin ya gwada sauka, bai taɓa gwada tashi shi kaɗai ba. Kuma Barira, ko gobara ake yi, ba za ta zo ta kama hannun mijinta a gaban uwarta ba. Ya yunƙura. Ta dama ta ce bismilla, mu je. Ta hagu ta ce ita ba da ita aka yi wannan shawara ba. Ya sake yunƙurawa, wani zafi ya harbe shi har ƙeya, ya koma ya dafa ƙasa. In ya matsa, baya zai faɗi, ƙafafu sama, a gaban Inna. Suruki kuwa ba ya zama shiru a tsugune kamar mai jiran sadaka. Abu ɗaya ne ke halatta masa zama a wurin. Ya gyara murya.

"Ya... ya sauro, Inna?"

"Ga shi muna fama."

"Ya awaki?"

"Suna nan."

"Ita jar nan mai ƙaho ɗaya?"

"An yanka ta ranar sunan Adila, 'yar Ari. Adila yanzu tana makaranta."

"Allahu akbar. Ashe an samu ƙaruwa. Barka, Inna, Allah ya raya."

Sai dabara ta faɗo masa. Shekara shida ai an yi haihuwa, an yi mutuwa. Ya fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ya yi mata ta'aziyyar ƙanenta Malam Isa, ya ɗaga hannu ya ja doguwar addu'a, ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya. Ya yi ta'aziyyar liman, ya yi ta mai unguwa, ya yi ta ungozoma. Ya yi barkar 'ya'yan Ari su uku, kowanne da addu'arsa daban. Ya yi jajen ambaliyar da ta ci rumbu shekara uku da suka wuce. Tsakanin kowace addu'a sai ya ɗan gwada ta hagu a ɓoye, ita kuma ta ce tana nan kan bakanta.

Abin mamaki, tsohuwa ta fara saki. Muryarta ta yi laushi. Ta ba shi labarin yadda Malam Isa ya cika, da abin da ya ce a ƙarshe, da wanda ya yi masa wanka. Rabon da wani ya zauna ya tambaye ta mutanenta ɗaya-ɗaya haka, ta manta. Matan gida suka taru a bakin madafa suna kallo. Ummi ta riƙe haɓa ta ce, "Kai, jama'a, ga suruki! Awa guda a tsugune! Bari Ari ya dawo, shi da ko minti biyu ba ya yi wa babata." Barira kuwa tun yunƙurin farko ta gane. Ta tura gefen mayafi a baki, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na dariya ne ko na tausayi ba.

Inuwa ta janye ta bar shi a rana. Gumi ya jiƙa babbar rigar sallah. Ƙafafun duka biyu suka mutu, har ta daman da aka kashe wa kuɗi. Wata kaza ta zo ta tsattsagi ɗan yatsansa, bai ma ji ba. Matattu suka ƙare, jarirai suka ƙare. Ya gaishe da rijiya. Ya tambayi lafiyar tsamiyar ƙofar gida. Daga ƙarshe, cikin muryar da ta fara rawa, ya ce, "Ya haƙurin... saniyar nan, Inna? Baƙar nan?"

"Sayar da ita muka yi."

"Allah ya... Allah ya sa ta samu gidan kirki."

Ya sake yunƙurawa da iyakar ƙarfinsa. Ta hagu ta yi wata irin ƙara, ƙurus, wani ɗan nishi ya kuɓuce masa ta hanci kafin ya danne.

Inna 'Yar'azumi ta ji ƙarar. Ta karkata kunne wajensa. Ta daɗe a haka, hannunta ɗaya na shafa tata gwiwar ta saman zane. Sannan ta ɗaga murya, muryar da ba wanda ya zaci tana da sauranta.

"Ummi! Ku kwashi yaran nan ku je bayan gida ku tsinko min zogale. Dukanku. Ke ma Barira. Kada wadda ta dawo sai na kira."

Tsakar gida ta yi wayam, sai kaji. Tsohuwa ba ta dubi inda yake ba. Bango ta fuskanta, ta yi magana da shi bangon.

"Ni dai barci nake ji. Kuma ni in na lulluɓa, ba na gani, ba na ji, ko ganga ake kaɗawa."

Ta kwanta ta juya baya, ta ja mayafi ta rufe har kai. Wata 'yar busasshiyar ƙafa ta fito daga ƙarƙashin mayafin ta turo sandar a hankali har ta taɓa yatsun Nu'uman, ta koma. Sai minshari ya tashi, minsharin ƙarya mai ƙarfi, har da fito a ƙarshensa.

Nu'uman ya dubi sandar. Sandar Inna ce, bai isa ya dogara ta ba. Ya mayar da ita gefen tabarma da hannu biyu. Sannan ya kifa, ya tattare babbar riga ya cusa a baki, ya kama rarrafe, dattijo mai shekara sittin da ɗaya, hula a karkace, kaji na buɗa masa hanya. Yana tafe yana tsayawa, don ko a rarrafen bai yarda ya juya mata baya sosai ba, a kaikaice yake ja.

Ya kai bakin zaure ya kama dogarin ƙofa ke nan, minshari ya tsaya cak. Daga ƙarƙashin mayafi murya ta fito, ƙasa-ƙasa, tana rawa.

"In akwai mai ji, a gaya wa mijin Barira, shekara shida ina kwana ina tashi ina neman abin da na yi masa. A ce masa ko a tsaye ne, ko a kwance za a kawo shi, ya riƙa zuwa. Saura kaɗan ne."

Nu'uman ya saki rigar daga bakinsa. Yana nan a kan hannuwa da gwiwoyi, hawaye na ɗiga a ƙasar zaure, ya ce, "Za a gaya masa, Inna."